Kotu Ta Ɗaure Shi, To Ina Kuɗina? Amsoshin Wasiƙunku Kan Diyya Bayan Hukunci

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk kukansu ɗaya ne: an kama mai laifi, an yanke masa hukunci, amma wanda aka cuta ya koma gida hannu rabbana. Lambobin sassan da za mu riƙa ambata na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ne, wato ACJA ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya. Jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, kuma lambar sashe takan bambanta, don haka a sa lauya ya duba ta jihar da ake shari'ar.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Yaron shagona ya sayar da shadda da atamfa na naira miliyan 6 da dubu 800, ya cinye kuɗin. Kotun majistare ta same shi da laifin cin amana, ta ce ɗaurin shekara biyu ko tarar naira dubu 200. 'Yan'uwansa suka biya, ya fito a ranar. Da na je wurin rajistara karɓar kuɗin sai aka ce ba nawa ba ne. To ni ina nawa haƙƙin?

Amsa: Alhaji, gaskiya suka faɗa maka. Tara ta gwamnati ce, baitulmali take shiga, ko sisi ba ya zuwa hannun wanda aka cuta. Abin da yake naka shi ne diyya ko umarnin mayar da dukiya, kuma wannan umarni ne daban da sai alƙali ya furta shi ya rubuta a cikin hukuncin.

Doka ta ba shi ikon yin haka tun da daɗewa. Sashe na 78 na kundin Penal Code, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya ce ana iya sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ko dai a haɗa masa da wani horon ko a maimakonsa. ACJA ta faɗaɗa wannan. Sashe na 321 ya ce a mayar da kayan, in mayarwa ba ta yiwuwa a biya ƙimarsu. Sashe na 314 kuma ya ce iyakar kuɗin da aka gindaya wa kotu ba ta hana ta yanke diyyar da ta dace, ma'ana majistare yana iya yanke miliyan 6 da dubu 800 ɗinka duka. Amma kalmar da dokar ta yi amfani da ita ita ce kotu “tana iya”. A shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara, kai shaida ne kawai, kuma ɗan sanda mai gabatar da ƙara da ke da fayil ashirin a gabansa burinsa a samu mutum da laifi. In babu wanda ya miƙe ya roƙi diyya, sau da yawa haka ake rufe littafi.

Yanzu da alƙali ya riga ya yanke hukunci, ba shi da ikon sake buɗe shi don ya ƙara wani abu. Hanyar da ta rage maka ita ce ƙarar neman haƙƙi, wadda kai ne mai ƙara a cikinta. Ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu daga rajistara, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da shi a matsayin hujjar cewa yaron ya aikata, sai ya zama aikinka ya taƙaita ga tabbatar da yawan kuɗin. In akwai wanda ya tsaya masa a rubuce lokacin da ka ɗauke shi, a haɗa da shi a ƙarar, don galibi shi ne mai abin biya. Kada ka ja ƙafa, irin wannan ƙara tana da wa'adi.

Tambaya: Wani maƙwabci ya sari ɗana da adda a kan rigimar fili, hannu ya karye, an yi masa aiki. Mun kashe kusan miliyan ɗaya. Ana kan shari'a a Kaduna, an ce saura zama biyu. Me zan yi don kada mu tashi a tutar babu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kin yi tambaya a kan kari, domin diyya kafin ranar hukunci ake neman ta.

Fara da takardu, yau ba gobe ba. Ki tattara rasit na asibiti, na hoton ƙashi, na magani, na jini in an ƙara masa, da katin asibiti da rahoton likitan da ya duba shi. Rasit ɗin da na'urar POS ke fitarwa rubutunsa yakan goge cikin 'yan watanni, musamman in ya kwana a jaka cikin zafi, har ki ɗauko ki ga farar takarda. Ki yi masa hoto da waya, ki kuma buga kwafinsa. Rasit ɗin kemis da babu sunan majinyaci ko kwanan wata lauyan wanda ake tuhuma zai yi fatali da shi cikin minti ɗaya, don haka ki haɗa kowanne da takardar da likita ya rubuta maganin. In kun je wurin mai ɗori, wanda ba ya ba da rasit, shi kansa ana iya kiran sa ya faɗi abin da ya karɓa.

Daga nan ki rubuta jeri a takarda ɗaya: kwanan wata, abin da aka biya, nawa ne, sannan jimla a ƙasa. “Kusan miliyan ɗaya” ba lissafi ba ne a wurin alƙali. Naira dubu 912 da ɗari 500 mai rasit ta fi miliyan biyu ta baki ƙarfi. Kuma kada wani ya ba ki shawarar ƙara gishiri. Da zarar an kama ƙari a abu ɗaya, alƙali zai fara shakkar sauran, har da na gaskiya. In yaron yana da sana'a ya daina fita, a rubuta kwanakin da abin da yake samu a rana, a nemo ubangidansa ko abokin sana'arsa ya tabbatar. In likita ya ce akwai aiki na biyu a gaba, kamar cire ƙarfe, ya rubuta ƙiyasin kuɗinsa a rahoto.

Ki kai wa mai gabatar da ƙara kwafin wannan duka tare da wasiƙa da ke roƙon ya nemi diyya da kuɗin magani a ƙarƙashin sashe na 319, wanda ya ambaci kuɗin jinyar wanda aka raunata ƙarara. Ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Ainihin takardun su zauna a hannunki sai ranar da za a miƙa su ga kotu. In ke ko yaron ba ku riga kun ba da shaida ba, a tabbata an tambaye ku kuɗin a gaban alƙali kuma an karɓi rasit ɗin a matsayin shaida. In kun riga kun bayar, ba a makara ba: sashe na 314 ya ba kotu damar kiran ƙarin shaida don ta san yawan diyya, kuma sashe na 321 ya ba ta damar ɗage zama bayan ta sami mutum da laifi.

Wurin da ake yawan yin asara shi ne ɗan tsakanin nan, bayan alƙali ya ce ya same shi da laifi, kafin ya faɗi horo. A nan ne mai laifi ke roƙon sassauci, yana da mata da 'ya'ya, wannan ne karonsa na farko. A nan ne kuma ya kamata mai gabatar da ƙara ya miƙe da jerinki. Abin bai fi minti biyar ba, kuma in ya wuce ya wuce. Shi ya sa muke ganin ɗaukar lauya mai sa ido a madadinku ya cancanci kuɗinsa ko da na wannan zama ɗaya ne. Ba shi zai gudanar da shari'ar ba, amma zai zauna kusa da mai gabatar da ƙara ya tuna masa. In babu hali, ki gwada ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku.

A roƙi umarnin ya fito da cikakken bayani: nawa ne, wa za a biya, zuwa wace rana, in kashi-kashi ne nawa a wata, kuma a biya ta hannun rajistaran kotu. Umarnin da ya tsaya a “ya biya kuɗin magani” ba adadi, sabuwar rigima ce.

Tambaya: Kotu ta ɗaure wanda ya damfare ni, ta kuma ce ya mayar mini da naira miliyan 4. Wata takwas ke nan ban ga komai ba. Ƙaninsa ya ce mini ai zaman gidan yarin ya biya bashin. Haka ne? Daga wani malamin makaranta a Abuja.

Amsa: Malam, ƙanin ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ɗaurin da aka yi masa horon laifi ne, bai goge umarnin biya ba. Sai dai akwai wani ɗauri daban da ya kamata ka kiyaye. Sashe na 324 ya ce in aka ɗaure mutum saboda ya kasa biyan diyyar kanta, kuma ya yi zaman, wannan ya rufe ƙofar sake neman sa a kan wannan cutar. Don haka in ka san yana da mota ko fili, kada fushi ya sa ka roƙi a ƙara masa wata shida don rashin biya. Dukiyar za ka bi.

Kotu ba za ta bi maka kuɗin da kanta ba, sai ka motsa ta. In an hukunta shi ne da dokar damfara ta 2006, sashe na 11 ya wajabta wa Babbar Kotu ta yi umarnin mayar da dukiya, ya kuma ce kai ko mai gabatar da ƙara kuna iya zartar da shi kamar hukuncin bashi. In da wata doka ce, sashe na 325 na ACJA ya ce a karɓi diyya yadda ake karɓar tara. Ko ta wace hanya, matakin farko shi ne ka tabbatar bai ɗaukaka ƙara ba, domin hakan yakan tsayar da biya. Daga Babbar Kotu yana da kwana 90, daga majistare galibi kwana 30.

Daga nan lauyanka zai nemi takardar ƙwace kaya. Ma'aikatan kotu masu zartar da hukunci za su je da 'yan sanda su ɗauki kayan da ake iya ɗauka, a rubuta su, a jira 'yan kwanaki, a yi gwanjo. Ka sani kayan gwanjo ba sa yin kuɗinsu na kasuwa, kuma za a fara cire kuɗin aikin. Kai ne za ka nuna musu inda kayan suke, su ba masu bincike ba ne. Abin da ya fi kawo cikas shi ne mata ko ɗan'uwa ya fito da rasit ya ce motar tasa ce. Nan take za a dakatar da gwanjo sai kotu ta tantance mai ita, kuma wannan kaɗai yana iya cin watanni.

In yana da kuɗi a banki, akwai umarnin da lauyoyi ke kira ganishi. Hawa biyu ne. Na farko ana samun sa ba tare da an sanar da shi ba, ya daskarar da asusun, sannan a ba banki da shi aƙalla kwana 14 kafin kotu ta zauna ta ce a miƙa maka kuɗin. Lambar asusun da ka tura masa kuɗi ita ce mafari, ko da yake mai damfara ba ya barin kuɗi su kwana a can. Gida ko fili shi ne na ƙarshe, sai an nuna wa Babbar Kotu cewa sauran kayan ba su isa ba.

In duk an bincika ba shi da komai, gwamnati ba za ta biya a madadinsa ba. Irin asusun tallafin da dokar hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, ta 2015 ta tanada na waɗanda aka yi safararsu ne, bai shafi damfara ko sata ba. A irin wannan hali, yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da danginsa, a rubuce a gaban kotu, ta fi jira.

Wani tarko kuma ga sauran masu karatu. Sashe na 324 ɗin nan ya ce karɓar diyyar da aka yanke ma yana hana sake ƙara, kuma wanda aka cuta yana da ikon ƙin karɓa. Sashe na 320 kuwa ya ce a ƙarar neman haƙƙi ta gaba sai a yi la'akari da abin da aka riga aka biya. Sassan biyu ba su zauna daidai da juna ba, kuma lauyan abokin shari'arka zai riƙe wanda ya fi masa daɗi. Wanda ya yi asarar miliyan 7 aka yanke masa miliyan ɗaya, kada ya sa hannu ya karɓa sai ya yi shawara.

Tambaya: An gano babur ɗina da aka sace, amma wata biyar yana ofishin 'yan sanda, wai kayan shaida ne. Wanda aka same shi a hannunsa kuma yana cewa shi saya ya yi.

Amsa: Ɗan'uwa, ba dole ne ya zauna rana da ruwan sama suna dukan sa har a gama shari'a ba. Rubuta takardar neman a sake maka shi, ga 'yan sanda in ba a kai kotu ba, ga alƙali in an kai. Haɗa rasit ɗin saye mai lambar inji da lambar jiki. Za a ɗauki hotonsa, ka sa hannu a takardar alkawarin kawo shi duk ranar da kotu ta nema, kuma ba za ka sayar ba kafin nan. Shi mai sayen, in har da gaske bai san na sata ba ne, sashe na 319 ya ba kotu ikon sa ɓarawon ya biya shi kuɗinsa. Babur ɗin dai naka ne.

Tambaya: Mu fiye da ɗari muka zuba kuɗi a wani kamfanin da ya yi alkawarin riba duk wata, mai shi ya gudu. Mun ji EFCC ta kama gidajensa kuma kotu ta mallaka wa gwamnati na wucin gadi. Za a raba mana?

Amsa: Ba haka kawai ba. Ƙwace kadara a mallaka wa gwamnati hanya ce daban da mayar wa waɗanda aka cuta. Bayan umarnin wucin gadi, kotu takan sa a buga sanarwa a jarida cewa duk mai haƙƙi ya zo ya nuna dalilin da ba za a mallaka dindindin ba, kuma wa'adin da sashe na 17 na dokar damfara ya ambata kwana 14 ne, sai in kotu ta sa wani. Sanarwar takan fito a shafin ciki na jaridar Turanci da yawancinku ba sa saye. Ku haɗa kai ku ɗauki lauya ɗaya ya shigar da takardar rantsuwa cikin wa'adin, da sunan kowa da abin da ya zuba da shaidar banki. Bayanan asusu da saƙonnin WhatsApp da aka buga daga kwamfuta suna buƙatar takardar tabbatarwa da sashe na 84 na Dokar Shaida ya nema, kuma rashinta kaɗai yana sa a ƙi karɓar su.

Kowannenku ya je ya ba da bayani a hukumar da kansa. Kotu takan yi umarnin mayarwa ne ga waɗanda sunansu da kuɗinsu suka fito a tuhumar da aka tabbatar, wanda ya zauna a gida yana jiran “in an raba” ba ya cikin lissafi. In kun ji ana maganar yarjejeniyar amsa laifi don rangwame, sashe na 270 ya ba ku damar a ji ta bakinku kan abin da za ta ƙunsa, har da batun mayar da kuɗi. Ku nemi hakan a rubuce kafin a kai ta gaban alƙali. Kuma ku shirya ranku: kadarorin da ake kamawa a irin wannan harka ba kasafai suke kai abin da aka zuba ba, domin ribar da aka riƙa biyan na farko daga kuɗin na baya aka ɗebe ta.

Tambaya: Mota ta kaɗe maigidana ya rasu, ya bar ni da yara uku ƙanana. Yayyensa sun je sun ce sun yafe wa direban, ba a tambaye ni ba. Shin ni da marayun ba mu da ta cewa?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Malama, kuna da ta cewa, kuma babba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihohin Arewa ke bi, diyyar kisan kuskure dukiya ce da ake rabawa kamar gado. Kina da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, kuma in da kishiyoyi ku raba shi. Kowane magaji rabonsa kawai yake iya yafewa. In cikin yaran akwai namiji, yayyen mamacin ba su da gado kwata-kwata, balle su yafe. Rabon maraya kuwa ko waliyyinsa ba shi da ikon yafe shi a banza.

Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Da yake dinari giram 4.25 ne, ana maganar kilo 4.25 na zinare ke nan, shi ya sa adadinta a naira yake hawa da sauka da farashin zinare, kuma hukumomin zakka a jihohi kan fitar da lissafin lokaci-lokaci. A asali dangin wanda ya yi kuskuren ta wajen uba ne ke taruwa su biya cikin shekara uku. A zahiri ba kowane direba da danginsa ke iya kai ko kusa da wannan ba, don haka sulhu a kan adadin da za a iya biya ya halatta, muddin magada na gaskiya ne suka yarda kuma alƙali ya duba maslahar marayun.

Ki fara bincika inda maganar take. Yafewar dangi ba ta rufe tuhumar tuƙin ganganci da gwamnati ke yi, kuma in tana gaban majistare ko Babbar Kotu, sashe na 321 ya ba da damar a biya diyya ga magadan mamaci. Ki rubuta wa kotun da mai gabatar da ƙara cewa ke da yaran ba ku yafe ba. Ki nemi rahoton 'yan sanda na haɗarin, takardar shaidar mutuwa, da takardar inshorar motar. Inshorar nan ta dole, wadda kuɗinta ya koma naira dubu 15 ga motar gida tun Janairun 2023, an yi ta ne don mutuwa da rauni da ɓarnar da mota ta yi wa wasu. In ta gaske ce, ba ta bakin tasha ba, a rubuta wa kamfanin da wuri a sanar da shi. In kuma direban aiki yake yi wa mai mota ko kamfani lokacin da abin ya faru, a sa sunan mai motar a ƙarar neman haƙƙi tare da nasa.